Hudubar Juma'a: A Tsirar Da Rai Kafin Kaya

Huduba ta farko

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai kora gizagizai zuwa inda Ya ga dama, Mai shayar da bayinSa da dabbobinsu da gonakinsu ba don sun biya ba. Muna gode Masa a kan ruwan da Ya saukar, muna neman tsarinSa daga sharrin da ke tafe da shi. Na shaida babu abin bautawa da gaskiya sai Allah, Shi kaɗai, ba Shi da abokin tarayya, na kuma shaida Annabi Muhammadu bawanSa ne, ManzonSa ne. Tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da iyalan gidansa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku bayin Allah, ina yi wa kaina da ku wasiyya da jin tsoron Allah a ɓoye da bayyane.

Iyayena, yayyena da ƙannena, marka ta kankama. Ƙasa ta sha har ta ƙoshi, duk ruwan da ya sauko yanzu ba shi da wurin shiga sai dai ya nemi hanya a samanta. Hukumar hasashen yanayi, NiMet, da hukumar kula da koguna, NIHSA, suna ta fitar da gargaɗi a rediyo kamar yadda suke yi kowace damina. Saboda haka hudubarmu ta yau a kan ruwa take, da yadda mutum zai fita daga daminar nan da ransa da na iyalinsa.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa wata Juma'a Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana kan mumbari, sai wani mutum ya shigo ya kawo kukan fari, dabbobi sun ƙare, iyali suna cikin yunwa. Annabi ya ɗaga hannu ya roƙi Allah. Anas ya ce a lokacin babu ko ƙyallin girgije a sama, amma kafin Annabi ya sauko daga mumbari ruwa na ɗiga daga gemunsa. Aka yi mako guda cur ana ruwa. Da Juma'a ta zagayo, sai ga mutum ya sake miƙewa da wani kukan dabam: gine-gine sun rushe, hanyoyi sun yanke, dukiya ta nutse.

Ku lura da abin da Annabi ya yi. Bai ce wa mutumin nan ya cika butulci ba, bai ce masa ina tawakkalinka ba. Murmushi ya yi, ya sake ɗaga hannu. Kuma bai roƙi a ɗauke ruwan gaba ɗaya ba, sai ya roƙi Allah Ya karkatar da shi daga kan gari zuwa kewaye, kan tuddai da duwatsu da kwaruruka da wuraren da itatuwa ke tsirowa. Wato ruwan nan alheri ne idan ya bi inda ya dace, masifa ne idan ya faɗo inda mutane ke kwana. Uwar Muminai A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin cewa idan hadari ya haɗo ana ganin damuwa a fuskar Annabi, ya shiga ya fita, sai ruwa ya sauka lafiya sannan hankalinsa ya kwanta. Wanda ya fi kowa sanin Allah ke nan. To, mu su wa da za mu ga sama ta yi baƙi ƙirin mu ce ba komai?

Abdullahi ɗan Abbas, wata ranar Juma'a da aka yi ruwa, ya umarci ladaninsa ya sanar da mutane su yi salla a gidajensu. Mutane suka ga abin baƙo. Ya ce musu wanda ya fi shi alheri ya aikata haka, kuma ba ya son ya fito da su su yi ta kutsawa cikin taɓo da santsi. Malamanmu na Malikiyya sun lissafa ruwa mai tsanani da caɓi mai yawa cikin uzurorin da ke sauke wa mutum zuwa Juma'a, sun kuma halatta haɗa Magariba da Isha'i a masallaci a daren ruwa don jama'a su koma gida da wuri. Ku tsaya ku yi tunani. Idan Shari'a ta ɗaga maka ƙafa a kan Juma'a saboda taɓo, mene ne kuma zai sa ka kutsa cikin ruwa mai gudu? Cinikin Naira nawa? Ɗaurin auren wa?

Ya ku Musulmi, ba labarin nesa nake ba ku ba. A 2022 ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a Nijeriya, ta raba fiye da mutum miliyan 1 da gidajensu, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi ɗanɗana kuɗarsu. A daren 9 wayewar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, mutanen Maiduguri suka farka ruwa a cikin ɗaki. Ya shiga Gwange, ya shiga Kasuwar Monday, ya shiga fadar Shehu da asibitin koyarwa, har namun dajin gidan zu ya kwaso. Shekara 30 kafin nan, a 1994, garin ya ga irin wannan. A cikin wancan watan na Satumba 2024 tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, wanda ya haura shekara 150 a tsaye, ya zube saboda ruwa. A ranar 29 ga Mayu 2025, da asuba, ruwa ya afka wa Tiffin Maza da Unguwar Hausawa a garin Mokwa, cikin 'yan kwanaki aka ƙirga gawa fiye da 150, ban da waɗanda har yau ba a gan su ba, cikinsu har da almajirai. Dattawan Kano kuma ba su manta da fashewar madatsar Bagauda a 1988 ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri.

Abin da ya haɗa yawancin waɗannan shi ne dare. Ruwa ya fi cin mutane suna barci, ko kuma a 'yan mintocin da mutum ke tsayawa yana shawara da zuciyarsa: in tsallaka ko in jira, in fita ko in ɗauko buhun nan tukuna.

Bari mu fara da tsallaka ruwa, don a nan ne matasanmu ke tafiya. Kowa a nan ya san nauyin jarka mai cin lita 25, kilo 25 ke nan, wadda ƙato ke ɗauka yana nishi. Jarka 40 tan guda ce. Ruwan da kake gani yana gudu a kan kwalbati, jarka dubu nawa ne ke wucewa a cikin minti ɗaya, kuma dukkansu ƙafarka suke tura? Masana sun auna: ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba, bai ma cika taƙi guda ba, yana iya kayar da babban mutum. Santimita 30 na ɗaga ƙaramar mota ta fara yawo, 60 kuwa na jan manyan motoci. Ga shi ruwan jajir yake, ba ka ganin abin da ke ƙarƙashinsa. Hanyar da ka bi da safe, wataƙila ruwa ya riga ya cinye ƙasan kwaltar, ko ya ɗauke murfin kwata, ko ya yanke gefen gada.

Kowa ya taɓa ganin yadda abin ke faruwa. Motoci sun yi layi a bakin kwalbati, mutane sun taru suna kallo. Sai wani ɗan acaɓa ya naɗe ƙafar wando, ya ce shi kullum nan yake bi. Yaran gefe su yi ta zuga shi. Ya shiga, injin ya mutu a tsakiya, ya sa ƙafa ƙasa don ya tokare, ƙafar ba ta sami ƙasa ba. Kuma maimakon ya saki babur, sai ya riƙe shi gam, don na haya ne, yana tunanin abin da zai gaya wa mai shi. Ɗana, saki babur ɗin! Ana biyan bashin babur, ba a biyan rai. Ku kuma masu zuga, ku sani bakinku na cikin abin da za a tambaya ranar gobe.

Direba, rayukan da ke motarka amana ne. Idan ka tarar ruwa ya haye titi, juya ko ka jira. Irin ruwan nan na kwari sau da yawa awa ɗaya ko biyu ya janye. Fasinja, idan direba ya nace sai ya shiga, sauka, ka yafe masa kuɗin motar. Idan kuwa mota ta mutu a cikin ruwa yana ƙaruwa, kada a zauna jiran ya ragu, a zuge gilashi tun yana zuguwa, a fita, a fara da yara, a hau sama. Masu kwalekwale, ku ji tsoron Allah a kan lodi da tafiyar dare, kuma rigar kariya da ake rabawa ba ta ajiya a gida ba ce.

Idan ruwa ya ja wani a gabanka, zuciya za ta ce ka faɗa. Idan ba gwanin ruwa ba ne kai, gawa biyu za a nema maimakon ɗaya. Miƙa masa gora ko doguwar sanda, jefa masa igiya, ko jarka marar komai da aka ɗaure bakinta, ka yi kururuwar neman taimako, a kira 112. Ko salla kake yi ka ji ihun wanda ruwa ke ci, malamai sun ce wajibi ne ka yanke ta ka kai ɗauki da abin da za ka iya.

Sai gidajenmu. A ƙasar Hausa katanga na kashe mutane a damina kamar yadda kogi ke kashewa. Sau da yawa ginin ƙasa ba ya faɗuwa sai ya yi sallama. Za ka ga danshi ya hau gindin bango kamu ɗaya ko biyu, yaɓe na ɓamɓarowa, tsaga ta fito a kusurwa tana ƙara baki, ƙofa ta fara cijewa ba ta rufuwa, ƙasa na zubowa daga azara. Duk wanda ya ga waɗannan a ɗakinsa, an gama yi masa magana. Maigida, yau bayan La'asar zagaya gidanka ciki da baya. Duba indararo, ko ya toshe ruwa na kwanciya a kan soro. Duba inda ruwan maƙwabci ke dukan gindin katangarka. Ɗakin da ka yi shakka a kansa, kada kowa ya kwana a ciki, ko da za a cunkushe a ɗaki ɗaya, ko a roƙi maƙwabci wurin kwana. Na san akwai kunya a ce magidanci ya kwashi iyali zuwa gidan wani. Kunyar kwana uku ce. Haka bulon da aka buga da siminti kaɗan yashi da yawa, shi ma ba abin yarda ba ne don kawai sunansa bulo.

Malaman tsangaya, 'yan'uwana, yaran nan iyayensu sun damƙa muku su ne da sunan Allah. Ku san inda kowane yaro ke kwana. Zauren da ke yoyo, kangon da ba shi da mai shi, gindin tsohuwar katanga, ƙarƙashin gada, ba makwancin ɗan mutum ba ne a watan Agusta. Iyaye mata, a riƙe yara idan an ɗauke ruwa, don lokacin ne suke fita wanka a kududdufi da ramukan da aka haƙi ƙasar gini.

Idan ruwa ya fara shigowa gida, a kashe wutar lantarki daga babban makunni tun hannu da ƙasa na bushe. Wayar da ta faɗo, ko an ɗauke wuta, a ɗauka tana da wuta, kada a taka ruwan da ta kwanta a ciki. Manomi da makiyayi, idan ana tsawa kada a fake a gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai a fili. Takardun gida da na makaranta, katin asibiti, maganin mai hawan jini ko ciwon suga, tocila, a ƙulle su cikin leda wuri ɗaya tun yau. Kowane gida ya san tudun da zai nufa da hanyar da zai bi, a kuma san wa zai ɗauki tsohuwa, wa zai goya jariri. Idan hukuma ko mai unguwa suka ce a tashi, a tashi. Wanda ya riga ya fita kada ya koma don akuya ko talabijin.

Na san abin da wani ke faɗa a ransa: Malam, abin da Allah Ya rubuta ba makawa, kuma ai wanda ruwa ya ci ko gini ya danne shahidi ne. Gaskiya ne hadisi ya inganta a kan shahadarsu, muna kuma yi wa mamatanmu fatan wannan daraja. Amma wannan bushara ce ga wanda abin ya auka masa, ba izini ba ne ga wanda ya gani da idonsa ya kutsa. Allah Ya hana mu jefa kawunanmu cikin halaka a Suratul Baƙara. Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, an yi masa alkawarin tsira, duk da haka sai da ya sassaƙa jirgi mutanensa na yi masa dariya. Wanda ya ƙi jin kira, ya ce shi ya san inda zai fake, ɗansa ne na cikinsa, kuma Suratu Hud ta gaya mana yadda ya ƙare. Sayyidina Umar, da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, ya juya da jama'arsa, ya kuma bayyana wa Abu Ubaida cewa juyawar ita ma cikin ƙaddarar Allah take. Wanda ya yi sakaci har katangarsa ta danne 'ya'yansa, su sun tafi da shahada in Allah Ya so, shi kuwa tambaya na jiransa.

Ina faɗin wannan magana tawa, ina neman gafarar Allah gare ni da ku. Ku nemi gafararSa, Shi Mai gafara ne, Mai jinƙai.

Huduba ta biyu

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da iyalansa da sahabbansa baki ɗaya.

Ya ku bayin Allah, akwai ambaliyar da ta fi ƙarfin kowa, akwai kuma wadda mu muka gayyato ta da hannunmu. Suratur Rum ta danganta ɓarnar da ke bayyana a bayan ƙasa ga abin da mutane suka aikata, kuma ba sai an je nesa neman tafsirin wannan ba, a leƙa kwatar ƙofar gida. Ledar fiya wata, robar lemo, tsumma, tokar murhu, duk a ciki. Akwai gidajen da da zarar hadari ya taso sai a ce wa yara su yi maza su juye shara a lambatu ruwa ya tafi da ita. Ina yake kai ta? Bakin kwalbatin unguwar da ke gangare, ta toshe, ruwa ya juya cikin ɗakin wata bazawara da marayunta. Ba ka san sunanta ba, amma za ta san naka a gaban Allah. Annabi ya sanya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. To, mai zuba abin cutarwar fa, a wane reshe yake?

Kududdufan da kakanninmu suka bari a cikin gari ba don ba su san darajar fili ba ne. Nan ruwan unguwa ke taruwa. Muka cike su da bola, muka yanka fulotai, muka sayar. Wanda ya sayar ya san hanyar ruwa ce, jami'in da ya sa hannu ya sani, dillali ya sani, wani lokaci mai sayen ne kaɗai bai sani ba, don da rani aka kai shi ya gani. Wannan kuɗi haramun ne, ko an yi Umara da shi. Mai neman fili, je ka gan shi a watan Agusta, ka tambayi tsofaffin wurin inda ruwa ke bi.

Shugabanni kuma, naku ya fi namu nauyi. A zamanin Sayyidina Umar ambaliya ta shiga Masallacin Harami har ta ɗauke Maƙamu Ibrahim daga wurinsa. Umar ya zo da kansa ya mayar da shi, sannan ya sa aka yi shinge a saman Makka don karkatar da ruwa. Bai tsaya a ta'aziyya ba. Madatsun ruwa na son dubawa da gyara tun da rani. Kogin Haɗeja da ciyawar kacala ta shaƙe yana son yashewa. Idan za a saki ruwa daga madatsa, a sanar da na ƙasa da wuri, da harshen da suke ji. Buhun shinkafa da tabarmar da hukumomin agaji, NEMA ko SEMA, za su kawo bayan an yi asara suna da amfani, amma ba sa tayar da wanda aka binne. Wanda kuma aka damƙa wa rabon kayan agaji ya karkatar da su, ya ci haƙƙin mutumin da ba shi da ko tabarmar kwanciya.

Bayan ruwa ya janye ma ba a gama ba. Ya riga ya haɗa masai da rijiya, daga nan amai da gudawa ke tashi. A tafasa ruwan sha ko a sa masa maganin tsarkake ruwa, a wanke hannu da sabulu. Wanda gudawa ta kama, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana sha ana hanyar asibiti, don kwalara na iya kashe babba cikin sa'o'i. A kwana cikin gidan sauro. A duba lungu da ƙarƙashin kaya kafin a sa hannu, macizai ma tudu suke nema. Kada a koma ɗakin da ya sha ruwa sai magini ya duba shi.

Masu hali, ga ƙofar lada a buɗe. Mai ɗakin da ba kowa a ciki, ya ba maƙwabcinsa aro. 'Yan kasuwa, kada gada ta karye ku ninka kuɗin kwanon masara. Masu waya, kada a tura hoton ambaliyar wata ƙasa a ce madatsarmu ce ta fashe, tsoro ma na kashe mutane, kuma idan ƙarya ta yi yawa ranar da gargaɗin gaskiya ya zo ba mai motsawa.

Ya Allah, Ka sanya ruwan bana ya zama na rahama, ba na azaba ba, ba na rushewa ba, ba na nutsewa ba. Ya Allah, Ka karkatar da shi zuwa gonaki da dazuzzuka da koguna, Ka kare gidajenmu da hanyoyinmu. Ka jiƙan waɗanda ruwa ya ci da waɗanda gini ya danne, Ka karɓi shahadarsu, Ka ba iyalansu haƙuri. Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, Ka sa mu girbe abin da muka shuka cikin aminci. Ka shiryi shugabanninmu, Ka ba su ikon tsare amanar da ke wuyansu. Ka zaunar da ƙasarmu lafiya, Ka gafarta mana da iyayenmu da malamanmu da dukkan Musulmi.

Jama'a, gobe Asabar bayan sallar Asuba akwai gayyar yashe magudanun ruwa, daga ƙofar masallacin nan har bakin kwalbati. Mai shebur ya zo da shebur, mai baro ya zo da baro, wanda ba shi da ƙarfi ya aiko ɗansa. A tayar da salla.